Maganin Gida Ga Kajin Gida: Ƙwari, Tsutsa Da Mura

 

Yau maganarmu a kan kajin gida ce, watau kajin nan namu da ke yawo tsakar gida da bayan danga, suna tono suna ci. Kowa ya san amfaninsu. Kaza ita ce asusun uwargida. In yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ake kamawa a kai kasuwa. In baƙo ya sauka, ita ce. Kuɗin sabulu, kuɗin littafi, gudummawar biki, duk a bayanta suke. Amma duk cikin dabbobin gida babu wadda ake sakaci da ita kamarta. Akwai gidan da za a shiga kaka da kaji 30, kafin sanyi ya wuce saura 3. Sai a ce annoba ce, a share akurki, a sayo wasu.

To, ba duk abin da ke kashe kaza ne annoba ba. Akwai cutar da toka da darbejiya da man kaɗe ke maganinta sarai, ba sai ka kashe ko kwabo ba. Akwai wadda maganin gida ke rage mata ƙarfi kurum. Akwai kuma wadda ko ka tafasa dukan itatuwan dajin nan ba za su taɓa ta ba, sai rigakafi. Yawancin hasarar da muke yi daga rashin rarrabe su ne. Sai mutum ya sayo kwalbar guba saboda ƙwarƙwata, wadda tokar murhu ta isa ta kore, sa'an nan ya tsaya jiƙa sassaƙe ranar da babbar annoba ta shigo gari.

Kama kazar ka duba

Da rana kaza ba ta kamuwa. Bari sai bayan magariba ta kwanta, ka ɗauki tocila ka kamo ta. Ɗaga fiffikenta, buɗe gashin ƙirji da na kewayen dubura, ka haska.

In ka ga wasu ƙananan ƙwari masu ruwan ɗorawa suna gudu a kan fata, ƙwarƙwata ce. A gindin gashi za ka ga ƙwanta fari-fari a dunƙule. Ba irin ta mutane ba ce, kuma ba ta zama a jikin mutum. A jikin kaza ake ƙyanƙyasarta, nan take rayuwa, nan take mutuwa. Ƙwanta na fashewa cikin kwana 4 zuwa 7, cikin kamar sati 3 ita ma ta fara nata ƙwan. Ba ta cika kashe babbar kaza ba, amma tana hana ta barci, ta rame, ƙwai ya ragu.

In kuwa ka ga baƙaƙen ɗige-ɗige manne a kewayen ido da zanko, ka goga ba su fita, ƙuma ce. Wannan ƙumar kafa bakinta take yi a fata ta zauna tana shan jini kwana da kwanaki. Ita ce ke kumbura idon 'yan tsaki har ya rufe, su kasa ganin abinci su mutu. Ƙwanta ƙasa yake zubowa, 'ya'yanta su girma cikin ƙura da kashin da ke daɓen akurki. Tana kama kare da kyanwa, har ƙafafun yara.

Wadda ta fi su duka mugunta ita ce kaskar kaji, ita kuwa da wuya ka gan ta a jikin kaza. Faffaɗa ce, launin ƙasa-ƙasa, kamar ƙwallon kankana. Da rana tana ɓoye cikin tsagar bango, ƙarƙashin ɓawon sandar da kaji ke kwana a kai, ko ɓawon itacen da suke hawa. Da dare ta fito ta sha jini ta koma. 'Ya'yanta ne kaɗai ke manne wa ƙarƙashin fiffike na 'yan kwanaki, kamar ƙwayar lalle. Banda shan jini, tana sa wa kaza wani zazzaɓi mai zawo kore da shanyewar ƙafa, wanda sau da yawa ake ɗauka annoba ce. Kuma tana iya yin fiye da shekara a cikin bango ba ta sha jini ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya bar akurki wata 6 ba kaza, ya sayo sababbi ya zuba, cikin sati 2 su ma sun fara layi. Akwai kuma wasu jajayen ƙwari ƙanana ƙwarai, kamar garin barkono, da ke irin wannan sata ta dare. Shafa farin tsumma ƙarƙashin sandar kwana da asuba. In ka ga jirwayen jini, suna nan.

Kazar da kanta tana faɗa maka. In magariba ta yi kaji suna ta kewaye akurki sun ƙi shiga, ko mai kwanci ta tashi ta bar ƙwai saura 'yan kwanaki ta ƙyanƙyashe, kada ka ce iskanci ne. Cizo ne ya kore ta.

Akurki tukuna, sa'an nan kaza

Kun dai ji, in aka cire ƙwarƙwata, sauran duk a ɗaki suke zaune. Wanda ya shafa wa kaza magani ya mai da ita akurkin da bai gyara ba, aikin banza ya yi.

Zaɓi ranar da rana ta buɗe sosai. Da safe a saki kaji, a fitar da komai. Tsohuwar ciyawar sheƙa da tsummokara a ƙone su nan take. A kankare kashin da ke daɓe har a tarar da ƙasa, a kai shi gona ko ramin taki nesa da gida, domin taki ne mai ƙarfi, bai kamata ya lalace ba. Sandunan kwana a fitar da su, a ɓare ɓawonsu tas, a zuba musu tafasasshen ruwa, a shanya. Kasko da tukunyar da kaza ke kwanci ciki, haka nan. In akurkin na kara ne ko kwando, kuma ya tsufa, ƙone shi ya fi sauƙi.

In na ƙasa ne, ɗaura ɗan dami na ciyawa, kunna masa wuta, ka bi tsagogin bango da harshen wutar. Amma fa in rufin ciyawa ne a ɗauke shi tukuna, a ajiye bokitin ruwa kusa, kuma kada a ba yaro wannan aiki, kada a yi shi ranar iska. Bayan haka a kwaɓa ƙasa a yaɓe kowace tsaga, a shafe bangon sumul, a bi shi da farar ƙasa. Kaska ba ta da wurin zama a bangon da babu tsaga. Wannan yaɓen shi ne rabin maganin.

Sai kuma darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ko bedi, ko maina. Asalinta itacen ƙasar Indiya ce, zamanin Turawa aka kawo ta, yau kuwa babu garin da ba ta. Ganyenta na da amfani, amma ƙarfin maganin a ƙwallon yake. A tsince 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a wanke, a shanya a inuwa su bushe sarai. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A daka, a sheƙe ɓawon, a ɗauki rabin kilo na garin a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. In ba ka da sikeli, je wurin mai shago ya auna maka sau ɗaya, ka ga inda ya tsaya a kwanonka, shi ke nan ka san ma'auninka. Da safe a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu ciki don ya kama bango. Da la'asar a yayyafa da tsintsiya ko a fesa a bango, daɓe, sanduna da rufi. Zafin rana na kashe ƙarfinsa, kuma ba ya ajiyuwa, saboda haka ranar da aka tace ranar za a yi aiki da shi.

Abin da ke kayar da mutane shi ne yi ɗaya a bari. Ruwan darbejiya ba ya faɗar da ƙwaro nan take kamar maganin kanti. Hana shi ci da girma yake yi, kuma ƙwan da ke ɓoye zai fashe daga baya. Lalle ne a maimaita kowane sati, har sau 3 ko 4. Kada kuma a ba kaji ƙwallon su ci, balle 'yan tsaki. Na bango ne, ba na ciki ba.

Toka da mai

Kaza ta riga mu sanin maganin ƙwarƙwata. Birgimar nan da take yi cikin turɓaya ba wasa ba ne, wanka ne. Ƙura na shiga gashinta ta busar da jikin ƙwaron ya mutu. Aikinka ka gyara mata wurin wankan. Tona ɗan rami ko ka sami tsohon baho, a wurin da ruwa ba ya duka amma iska na ratsawa. Zuba rairayi mai laushi kashi 2, tokar itace ko ta kara kashi 1. In kana da farar wuta, daka kaɗan ka barbaɗa ciki, domin tana da ƙarfi ƙwarai a kan ƙananan ƙwarin nan. A riƙa ƙara toka duk sati.

Tokar ta zama ta murhu tsantsa, wadda ta huce aka tankaɗe. Ban da tokar juji inda aka ƙone leda da roba da tsohon batir. Kuma ta zauna a bushe. Ke uwargida kin san yadda ruwan toka ke cin hannu. To, haka jiƙaƙƙiyar toka ke cin fatar kaza. Da damina ke nan sai an yi mata ɗan rumfa.

Kazar da ƙwarƙwata ta yi wa yawa, a kama ta a cuɗa mata tokar da hannu har fata, ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya, a kare mata ido da hanci. Bayan sati a sake, bayan wani satin a kuma. A yi wa duka garken, har zakara. Shi ma ya fi kowa buƙata, don bai cika birgima ba, ga shi kuma yana bin kowace kaza. Mai shirin kwanci a yi mata tun kafin ta zauna, a shimfiɗa toka da busasshen ganyen darbejiya ƙarƙashin sabuwar ciyawa. Kwanci kwana 21 ne tana wuri ɗaya, ƙwari kuwa abin da suke nema ke nan. In ta ƙyanƙyashe a ƙone sheƙar, kada wata ta gāje ta.

Ƙumar ido kuwa mai ne maganinta. Lakato man kaɗe ko man ja ka shafe ta da shi har ta nutse, a hankali kada ya shiga idon. Numfashinta yake toshewa. Kada ka ɓamɓare ta da farce, za ka bar gyambo. A shafa kullum kwana 3 ko 4, za ta zube. Haka kuma kazar da ƙafarta ta yi kaushi, ɓawon ya ɗaɗɗaga ya yi fari kamar an yaɓa mata gari: wani ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa ƙarƙashin ɓawon. Jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da sabulu, goge, tsane, ka shafe ta da mai har gwiwa. Sau 2 a sati, har wata guda. Ƙafar ba ta komawa sumul da wuri, sai a yi haƙuri.

Akwai masu sa garin taba. Tana kashe ƙwari, gaskiya ne, amma dafin da ke cikinta na ratsa fata, yana kashe ɗan tsako, yana sa wa mai aikin jiri. Tun da ga toka ga darbejiya, ni ban ga dalilin taba ba. Kananzir da baƙin man inji kuwa ƙona fata suke yi. Uwa uba fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona. Kada a kuskura a ɗiga su a jikin kaza ko a fesa a ɗakin da take kwana. Guba ce, tana kashe kazar, tana kuma iya kai wa ga mai cin ƙwai da nama. Yaranku ne ke cin ƙwan nan.

Tsutsar ciki

Kaza tana ci amma ba ta ƙiba. Ka shafa ƙirjinta ka ji ƙashi kamar bakin wuƙa, zanko ya koɗe, gashi ya hargitse. Sau da yawa tsutsa ce. Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa tana hannun mata. Uwargida, in an yanka kaza kina gyarawa, tsaga hanjin a tsaye ki duba kafin ki wanke. In kin ga farare dogaye kamar taliya, wasu har tsawon yatsa ko fiye, to sauran kajin ma suna da ita. Ƙwan wannan tsutsa cikin kashi yake fita. Ya yi kamar sati 2 a ƙasa mai laima, wata kazar ta tsince shi wajen tono. A inuwa mai danshi yana watanni da ransa, amma rana da bushewa na kashe shi. Akwai kuma faffaɗa mai gaɓa-gaɓa, wadda ke fita cikin kashi kamar ƙwayar shinkafa. Ita ta wajen cin tururuwa da ƙudaje da buzuzu take shiga.

Saboda haka tsintsiya ita ce maganin tsutsa na fari. A share kashi a kai a kai. Kada a watsa tsaba kullum a wuri ɗaya cikin kashi, a zuba a kasko ko tsohon faranti. Wurin da ruwan wanke-wanke ke taruwa a cike shi da ƙasa. Kaskon ruwa a ɗora shi kan duwatsu, a wanke shi kullum.

Cikin magungunan gida, wanda aka fi gwadawa aka ga alamar aikinsa shi ne 'ya'yan gwanda. A wanke su, a shanya a inuwa, a daka. Ɗan abin da yatsu biyu suka tsunkula ya ishi babbar kaza guda, a cuɗa cikin jiƙaƙƙiyar dusa da safe kafin a sake su, kwana 3 a jere. Mutanenmu kuma suna jiƙa sassaƙen maɗaci ko na marke a kaskon ruwa. Wanda zai yi haka ya sa kaɗan. In ruwan ya yi ɗaci ƙwarai kaji ƙin sha suke yi, ƙishirwa kuwa a bazara ta fi tsutsa saurin kisa. Kada ku ɗauka waɗannan suna wanke ciki tas. Rage tsutsa suke yi. In hanjin da kika tsaga ya cika maƙil, ko 'yan matasan kaji suna ta ramewa, a je wurin malamin dabbobi a karɓo maganin tsutsa na sosai. Ba shi da tsada. A tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

'Yan tsaki masu sati 3 zuwa 6 da ke zawo da jini, su takure su saki fiffike, musamman da damina, wannan wata cuta ce dabam ta hanji. Gwanda ba ta yi mata. A mai da su busasshen wuri, a nemo magani a ranar.

Akwai wata tsutsa kuma da ba a hanji take ba, a maƙogwaro take. Ja ce siririya, mai kai biyu kamar gwafa. Ta wajen cin tana take shiga, shi ya sa ta fi yawa da damina. Za ka ga ɗan tsako ko ɗan zabo yana miƙa wuya yana hamma, yana girgiza kai, alhali ba majina. Kada a zura masa gashi ko tsinke wai za a zaƙulo ta. Maganin tsutsa na likita ne ke fid da ita. Kafin nan, a hana ƙanana fita tono da sassafe bayan an yi ruwa.

Mura da tari

Wannan ya kawo mu ga numfashi. Da sanyi ya shigo, tausayi kan sa mu toshe akurki ruf, har da tsumma a ƙofa. Kaji 20 a ɗan ɗaki, ga kashi ya taru. Gobe da asuba ka sa kanka ciki ka shaƙa. In warin ya sa maka hawaye, ka tuna kaza a ciki ta kwana, kuma hancinta ya fi naka kusa da ƙasa. Wannan warin yana cin maƙogwaro da ido, ya buɗe wa cuta hanya. Babbar kaza tana jure sanyi, ga gashinta. Abin da ba ta jurewa shi ne rashin iska, da laima, da iskar hunturu mai bugun ta kai tsaye. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka a juya ƙofar akurki kudu ko yamma, a huda 'yan tagogi can sama kusa da rufi, a sa musu raga ko ƙaya saboda maciji da muzuru. 'Yan tsaki su ne masu son ɗumi, uwarsu kuwa ta ishe su in wurin a bushe yake.

Kada a kwantar da kaji a madafa saboda hayaƙi. Kada a tankaɗe toka a rufaffen ɗaki suna ciki. Hatsin da ya yi fumfuna, wanda aka ce ba ya ciwuwa sai a ba kaji, shi ma a bari. Yana lalata musu hanta, ƙurarsa kuma na kama huhun 'yan tsaki.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ɗanyen ganye. Da rani ƙasa ta bushe, kaza ba ta samun kore, abincinta dusa da farar dawa. Akwai sinadarin da ke cikin ganye, bitamin A, wanda ke tsare fatar cikin hanci da ido. In ta rasa shi sai ido ya yi ruwa, ya tara farin abu kamar cuku, a ce mura ce. Maganin wannan yana bayan ɗaki. A ba su ganyen zogale, ɗanye ko busasshe a murtsuke cikin dusa, da ragowar alayyafo, da kabewa, da jar masara, da ɗigon man ja. Gara ma a tono musu, tana gina jiki.

In kaza ɗaya ko biyu sun fara atishawa da ɗan ruwa a hanci, amma suna ci suna yawo, a ware su a kwando a wuri mai ɗumi. A daddaka tafarnuwa ƙwaya 1 cikin ruwa lita 1, ko da ɗan citta, a sake sabo kullum. In sun ƙi sha a ba su ruwa zalla. A narka gishiri rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan da aka tafasa ya huce, a goge musu ido da hanci da tsumma mai tsabta. Kada a buɗe baki a ɗura wa kaza ruwa da ƙarfi. Ƙofar maƙogwaronta nan take bayan harshe, ruwan huhu zai tafi. Da yawa ɗura ce ke kashe su, ba murar ba. Tafarnuwa da citta taimako ne ga jiki, ba su kashe ƙwayar cuta da ta riga ta kama huhu. Barkono kuwa, wanda ake ta zubawa, kaza ba ta ma jin yajinsa yadda muke ji.

In fuska ta kumbura, ido ya manne, majina tana wari, abin ya wuce tafarnuwa, sai malamin dabbobi. Kuma ku sani kazar da ta warke daga wannan takan ci gaba da ɗauke da cutar tana sa wa wasu, saboda haka ba ita ce ta ajiyewa don iri ba. Al'adar nan ta sayen kafso ja da rawaya a fasa a kaskon ruwa duk ranar da kaza ta yi atishawa, a daina. Ba a san ma'auni ba, ba a san cutar ba, kuma haka ake koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da mutum zai sha shi ya ƙi yi masa aiki.

Inda maganin gida ya tsaya

Yanzu ga babbar. Kaji da yawa su kamu lokaci ɗaya. Su takure, su yi ta gyangyaɗi, numfashi da kakari, zawo kore. Wasu wuyansu ya murɗe, suna tafiya da baya ko suna kewaya. Yau 2 sun mutu, gobe 7. Wannan ita ce annobar da likitoci ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta wajen 1926. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a Ibadan a 1952. Ta fi ɓarna da hunturu, kuma a garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya share kusan duka.

Ba ta da magani. Ba maɗaci, ba gautan kaji, ba barkono, ba kafso, ba allura. Na san wani zai ce, ai bara na jiƙa maɗaci kaji 4 suka tashi. Haka ne, sun tashi. Amma je ka tambayi maƙwabcinka da bai jiƙa komai ba, shi ma za ka tarar 'yan kaɗan sun tsira, yawanci tsofaffin da suka taɓa haɗuwa da ita. Maɗacin ya sami yabon da ba nasa ba.

Rigakafi kuwa akwai shi, kuma a ƙasar nan ake yin sa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin irin wanda ake kira I-2. An yi shi ne musamman don kajin ƙauye, domin ya fi sauran jure zafi. Ɗigo 1 ne a ido, babba da ƙarami duk ɗaya. Yana ɗaukar sati 1 zuwa 2 kafin ya kama jiki, kuma ƙarfinsa na raguwa, sai a sake duk wata 4. In ka yi a Oktoba, ka sake a Fabrairu, ka kuma a Yuni. Na Oktoban nan shi ne wanda ba a wasa da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Lafiyayyun kaji ake yi wa. In cuta ta riga ta shiga gida, an makara. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, kuma in an haɗa ta da ruwa ba ta daɗewa. Don haka ku haɗu unguwa guda, ku sa rana, kowa ya kulle kajinsa tun dare, a kira malamin dabbobi da sassafe. Jure zafi ba shi ne a bar ta a rana ba. A naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙe ta a inuwa.

Yawanci da ƙafarmu muke kawo annobar nan. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo kyauta, ko wadda aka kai ba a saya ba aka dawo da ita, a ware ta sati 2 cur nesa da sauran, da kaskonta dabam. Wajen Salla da Kirsimeti, lokacin da kaji ke ta yawo kasuwa kasuwa, a ƙara kula. In ka ga ana sayar da kaji da arha fiye da kima, ka tambayi kanka me ya faru a garin da suka fito. Kai ma kada ka kwashi marasa lafiya ka kai kasuwa. Agwagwa tana iya ɗaukar cuta ba ta nuna ba, gara a raba musu makwanci.

Sai murar tsuntsaye. An fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006, a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, a watan nan kuma aka same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Ta sake ɓullowa a 2015, da kuma 2021. Da ido ba a rarrabe ta da Niyukasil, sai an gwada. Amma in kaji suna faɗuwa farat ɗaya ba dogon ciwo, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafa ta yi ja kamar jini ya kwanta, a yi zaton ita ce. Ɗigon I-2 ba ya tsare ta, kuma ita tana kama mutum, har ta yi kisa a Legas a 2007. Kada a yanka, kada a fige, kada a ci, kada a bar yara su taɓa. A sa leda a hannu a ɗauki mushen, a tona rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, a binne, a wanke hannu da sabulu. Kada a jefa a juji ko rafi. A kulle sauran kajin, kada ko ɗaya ta fita gidan, sa'an nan a aika wa malamin dabbobi ko mai unguwa a ranar, ba sai gobe ba.